Tambaya da Amsa: Daga Tsakuwa Zuwa Yumɓu, Yadda Girman Ƙwaya Ke Raɗa wa Dutse Suna

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karon sun fi karkata ga duwatsun ɓarɓashi, wato waɗanda suka samu daga gutsattsarin wasu duwatsun da ruwa ko iska suka kwaso suka jibge. Akwai ɗalibai a cikin masu tambayar, akwai magini, akwai mai neman ruwa. Ga amsoshin da masana ilimin duwatsu da ke tallafa wa filin suka bayar.

Tambaya: Assalamu alaikum. Malaminmu na labarin ƙasa ya ce Dutsen Bima yashi ne da ya daskare, kuma ana raba irin waɗannan duwatsu ne bisa girman ƙwayarsu. To ina yashi ya ƙare, ina tsakuwa ta fara? Wa ya yanka wannan iyaka? Daga wata ɗalibar sakandare a Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yarmu. Malaminku ya faɗi daidai. Dutsen Bima da ke kusa da Dadin Kowa yashi ne da tsakuwa da koguna suka zuba sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, kuma sunansa masana suka sa wa duk wannan shimfiɗar da ta ratsa Gombe da Adamawa da kudancin Borno.

Rana da ruwa ba sa barin dutse ya huta. Suna ɓarɓasa shi a hankali, ruwa ko iska su ɗauki ɓarɓashin, in ƙarfinsu ya ƙare su ajiye. Wani ya hau kan wani, nauyi ya matse na ƙasa, ruwan da ke ratsa tsakanin ƙwayoyin ya bar abin da zai liƙe su: ko silika wadda ita ce jikin yawancin ƙwayoyin yashi, ko kalsait wanda shi ne jikin dutsen da ake yin siminti da shi, ko tsatsar ƙarfe. Daga nan ya zama dutse. Launi ba ya ba shi suna, domin dutsen yashi yana zuwa fari, ja, rawaya ko toka-toka. Girman ƙwaya ake dubawa tukuna.

Ma'aunin da aka fi bi, Johan Udden ne ya fara tsara shi a Amurka a 1898 yana nazarin ƙura da rairayin da iska ke ɗauka, sannan Chester Wentworth ya gyara shi ya daidaita sunayen a 1922. Dabarar ita ce kowane mataki ninkin na ƙasa da shi ne: 1, 2, 4, 8, 16, haka dai, in an yi ƙasa kuma rabi, kwata, rabin kwata. Dalilin a fili yake. Ƙwaya mai milimita 1 da mai milimita 2 sun sha bamban a wurin ruwan da zai ɗauke su, amma dutse mai milimita 101 da mai 102 duk kanwar ja ce.

Iyaka uku ki riƙe da kyau. Ta farko milimita 2, wajen girman ƙwayar gero ƙarama: duk abin da ya fi haka dangin tsakuwa ne. Ta biyu kashi 1 cikin 16 na milimita, wato 0.0625, kusan kaurin siririn gashin kai: daga nan zuwa milimita 2 shi ne yashi. Ta uku kashi 1 cikin 256 na milimita, wajen 0.004: abin da ke tsakaninta da ta biyu shi masana ke kira silti, irin lallausar ƙurar nan da hazon hunturu ke shimfiɗa wa mota da daddare, abin da ya gaza haka kuma yumɓu ne. Silti da yumɓu in aka haɗa su, laka ke nan.

Dangin tsakuwa su ma hawa-hawa ne. Daga milimita 2 zuwa 4 tsaki ne, tsakanin gero da dawa. Daga 4 zuwa 64 tsakuwa sosai, daga girman dawa har zuwa lemun zaƙi. Daga 64 zuwa 256 dunƙulen dutse, irin wanda ake kafa murhu da shi. Abin da ya zarce 256, ya ɗara ƙwallon ƙafa ke nan, gungumen dutse ne. Yashi kuma kashi biyar: mai kauri ƙwarai daga 1 zuwa 2, kamar acca zuwa gero, mai kauri daga 0.5 zuwa 1. Matsakaici daga 0.25 zuwa 0.5, wajen ƙwayar sukari. Mai laushi daga 0.125 zuwa 0.25, da mai laushi ƙwarai, wanda da ƙyar ido ke rabe ƙwayarsa.

In tsakuwa ta daskare, dutsen tsakuwa ne. In ƙwayoyin mulmulallu ne ana ce masa kwangilomaret, in masu kaifi da kusurwa ne bireshiya. Yashi ya ba da dutsen yashi, silti dutsen silti, yumɓu dutsen yumɓu. Dutsen laka da ke ɓarewa falle-falle kamar shafukan littafi shi ne shel, irin wanda ake samu a Fika da Dange. Duwatsun laka su ne suka fi yawa, sun kai rabin duk duwatsun da suka samu ta hanyar kwanciya ko fiye, sai dai ba su cika tsayawa su zama tsauni ba saboda saurin ruɓewa, shi ya sa ido ya fi sabawa da na yashi.

In kin shiga jami'a za ki tarar da lambobin fai, waɗanda William Krumbein ya kawo a 1934 don a huta da dogayen lambobi. Milimita 1 shi ne sifili, duk lokacin da aka raba biyu a ƙara ɗaya: 0.5 fai 1 ne, 0.25 fai 2, 0.0625 fai 4, iyakar yumɓu fai 8. Wurin da ɗalibai ke tuntuɓe shi ne lambar tana hawa ne yayin da ƙwayar ke ƙanƙancewa.

Tambaya: Ina koyarwa a wata makaranta da ba ta da ɗakin gwaji. In na fita da yara bakin kwari muka tsinci dutse, ta yaya za mu gane ajinsa da hannu da ido? Kuma yaya ake yi da wanda ya haɗa tsakuwa da yashi? Daga wani malami a Argungu.

Amsa: Malam, Allah ya saka da alheri a kan wannan ƙoƙari. Guduma, madubin hannu mai ƙara girma sau 10, ƙusa, da gorar ruwa sun isa.

Fara da fasa dutsen. Bayansa ya sha rana da ruwa, ya yi tsatsa, ƙura ta cike ramukansa, zai yaudare ka. Sabuwar fuska ake dubawa. A kanga madubin dab da ido, a matso da dutsen har ƙwayoyin su fito, a juya wa rana gefe don haske ya sauka a kan fuskar. In ana ganin ƙwaya ɗaya-ɗaya da ido, yashi ne ko abin da ya fi shi. A goga babban yatsa: dutsen yashi yana da kaushi, sau da yawa har ƙwayoyi su zubo a tafin hannu.

Wahalar tana tsakanin silti da yumɓu, inda madubin ma ba ya taimako. A nan haƙori ya fi ido. A kankaro ɗan gari da ƙusa, a ɗora a haƙoran gaba, a cije a hankali, sannan a tofar. Silti yana ƙaras-ƙaras, yumɓu kuwa sulɓi yake kamar man shanu. Busasshen dutsen yumɓu yana kama harshe in an taɓa shi, kuma in an jiƙa garinsa ana iya murza shi ya yi siririyar igiya ba ta tsinke ba. Garin silti yana wargajewa tun kafin ya yi tsawo. Wannan gwaji na dutsen daji ne mai tsabta, kada a bar yara su yi shi a bakin kwata ko wurin haƙar ma'adinai.

Abin da zai sauƙaƙa maka aiki ƙwarai shi ne katin kwatance. A samo yashin da aka tankaɗe aji-aji daga kowane ɗakin gwajin ƙasa, a liƙa kowane aji da gam a kan kwali, a rubuta girmansa a ƙasa. Yaro ya ajiye dutsen kusa da katin ya duba su tare da madubi. Ba tare da kati ba, kusan kowa yana ƙara wa ƙwaya girma, domin ido manyan yake fara kamawa ya manta da ƙananan da suka fi yawa.

Batun gauraye kuwa, rabo ake dubawa. A tsarin Robert Folk na 1954, wanda da yawa ke bi, sai tsakuwa ta kai kashi 30 cikin 100 kafin a kira shi dutsen tsakuwa. In ba ta kai ba, dutsen yashi ne mai tsakuwa: sunan na mai rinjaye ne, ɗayan ya zama siffa. A ɓangaren laka, in silti ya wuce kashi biyu cikin uku dutsen silti ne, in yumɓu ne ya wuce haka dutsen yumɓu, in ba wanda ya kai a ce dutsen laka kawai. Wasu littattafan sai tsakuwa ta kai rabi suke yarda, don haka a riƙa rubuta tsarin da aka bi.

Kada a tsaya a suna. A sa yara su duba ko ƙwayoyin kansu ɗaya ne ko kuwa manya da ƙanana ne a cakuɗe. Iska ce ta fi kowa iya tankaɗe, shi ya sa rairayin jigawa yake kai ɗaya, mai laushi zuwa matsakaici. Ambaliyar da ta sauko daga tsauni ta zube kayanta gaba ɗaya tana barin gungume da laka wuri guda. Tsakuwa mulmulalliya ta yi doguwar tafiya ko ta daɗe ana jujjuya ta, mai kaifi kuwa ba ta yi nisa da gida ba. In kuka ga bango da tsakuwa a ƙasa, yashi a tsakiya, laka a sama, sannan tsakuwa ta sake farawa, kuna kallon kogi ne da ya cika, ya lafa, ya sake cika. Za ka iya nuna musu wannan a aji: cika gora da ruwa, zuba tsakuwa da yashi da ƙasar fadama, girgiza, ajiye. Tsakuwa ta faɗa nan take, yashi cikin minti ɗaya, silti ya ɗauki sa'o'i, yumɓu ya kwana yana yawo a cikin ruwan.

Tambaya: Marmarar da muke haƙowa tana cike da tsakuwa ja a manne da juna. Ita ma dutsen tsakuwa ce? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kama ce kawai. Marmara yawanci a inda take ta samu. Damina da rani sun yi dubban shekaru suna wanke dutsen da ke wurin, abin da ke narkewa ya tafi, ƙarfe da alminiyam suka rage suka dunƙule. 'Yan ƙwallayen da kake gani girma suka yi a cikin ƙasar, ba kogi ne ya kawo su ba. Fasa ɗaya: za ka ga cikinsa ja ko ruwan ƙasa, wani lokaci da zobe-zobe kamar albasa. Tsakuwar kogi in ka fasa, farin dutse mai sheƙi ko guntun wani dutse za ka gani. Sai in ruwa ya kwashi burjin marmara ya kai shi wani wuri ya sake daskarewa, a nan ne zai shiga sahun duwatsun ɓarɓashi.

Haka Dutsen Kufena da ke kusa da ku: ƙwayoyinsa manya ne, amma narkakken dutse ne da ya huce a ƙarƙashin ƙasa, ƙwayoyin sun saƙe da juna babu gurbi. Dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi a Sakkwato kuwa ya kwanta ne a teku, amma daga ɓawon halittun ruwa da kalsait, don haka shi ma da wani ma'auni ake raba shi.

Tambaya: Ina aikin kammala digiri a kan dutsen yashi. Na tankaɗe samfur ɗaya sau biyu, sakamakon bai zo ɗaya ba, kuma nauyin ƙarshe ya gaza na farko. Ina kuskuren yake? Daga wani ɗalibin jami'a a Sakkwato.

Amsa: Ɗan'uwa, tun kafin a kai ga rariya ake yin yawancin kuskuren. Bari mu bi aikin daga farko, za ka ga inda naka ya kauce.

Dutse ne a hannunka, ba sakakken yashi ba, don haka sai an warware ƙwayoyin ba tare da an fasa su ba. A turmin tangaran da taɓarya mai kan roba ko ta katako ake yi, ana dannawa, ba daka ba. Wanda ya daka da ƙarfe ya ƙirƙiro ƙananan ƙwayoyin da babu su a dutsen. Wanda ya yi sako-sako kuma ya bar ƙwaya uku ko huɗu a manne, rariya ta lissafa su a matsayin ƙwaya ɗaya babba. Duba abin da ya tsaya a kowace rariya da madubi. In ka ga dunƙule, koma turmi. In kalsait ne ya liƙe dutsen, ruwan asid na haidirokulorik mai ƙarfin kashi 10 cikin 100 zai narkar da shi, sai a ɗauraye sosai. In silika ce ta kama shi gam, ka haƙura da tankaɗe: a yanko falle mai kaurin milimita 0.03 a auna ƙwayoyin a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji.

In akwai laka, a fara wanke samfurin a kan rariya mai ido milimita 0.063, a tare ruwan da ya wuce a ajiye. Abin da ya tsaya a busar da shi a tanda a zafin digiri 105 har nauyinsa ya daina sauya. Danshi kaɗan ya isa ya sa yashi mai laushi ya manne da juna ya ƙi wucewa, kuma samfurin da aka auna da danshi dole nauyinsa ya ragu daga baya.

Sannan rabo. In ka ɗebi cokali daga saman leda, ka ɗebi manyan ƙwayoyi, domin ƙanana sun riga sun sulale ƙasa. A zube shi duka a kan takarda ya yi tsibi, a baje, a raba huɗu, a ɗauki biyu masu kallon juna, a gauraya, a sake, har a samu giram 50 zuwa 100. Muna kyautata zaton a nan sakamakonka biyu suka rabu. Abin da ya wuce giram 100 kuma yana cika rariya, ƙananan ƙwayoyi su rasa hanyar kaiwa ga raga.

A jera rariyoyin daga mai faɗin ido a sama: milimita 2, 1, 0.5, 0.25, 0.125, 0.063, faranti a ƙasa, murfi a sama. A girgiza da inji minti 10 zuwa 15, kuma lokacin ya zama ɗaya ga kowane samfur, domin doguwar ƙwaya in aka daɗe ana girgiza ta tana miƙewa ta wuce ta tsaye. A kife kowace rariya a kan babbar takarda, a share bayanta da burushi mai laushi, a auna. Kada a tura ƙwayar da ta maƙale da ƙusa, idon ragar zai buɗe har abada. A ɗaga kowace rariya a hasken taga kafin a fara. Yagewa ƙarama a gefen mai 0.063 ta isa ta lalata aikin wata guda. In jimillar ta gaza nauyin farko da fiye da kashi 1 cikin 100, a sake.

Ruwan lakar da ka ajiye ba ya tankaɗuwa, da saurin nutsewa ake auna shi, bisa ƙa'idar da George Stokes ya fitar a 1851: in girman ƙwaya ya ninka biyu, saurin nutsewarta ya ninka huɗu. A zuba a silinda mai lita 1, a sa sinadarin da ke hana yumɓu dunƙulewa, wanda aka fi sani da Calgon, a motsa, a riƙa zuƙo samfur da bututu a lokuta sanannu. A ruwa mai zafin digiri 20, ƙwaya mai milimita 0.004 tana ɗaukar wajen sa'a 2 kafin ta sauka santimita 10, mai 0.002 wajen sa'a 8. Ɗakunanmu sun fi haka zafi, ruwa mai ɗumi kuma ya fi sakin ƙwaya, don haka a auna zafin ruwan a yi amfani da jadawalin da ya dace da shi. In ka ga ruwan saman ya washe cikin rabin sa'a, yumɓun ya dunƙule ne, lissafin ya tashi.

Abu na ƙarshe: rubuta ma'aunin da ka bi. Masana ƙasar noma a milimita 0.002 suke yanke yumɓu, injiniyoyin hanya da yawa kuma a 0.075 suke raba yashi da laka, a 4.75 su raba shi da tsakuwa. Samfur ɗaya yana iya samun suna biyu, kowa kuma da gaskiyarsa.

Tambaya: Me ya sa ambaliya ke kwashe yashi ta bar gaɓar yumɓu a tsaye, alhali ƙwayar yumɓu ta fi ƙanƙanta? Daga wani manomin fadama a Haɗeja.

Amsa: Baba, ka lura da abin da Filip Hjulström na ƙasar Suwidin ya auna a 1935. Abin da ruwa ya fi saurin ɗagawa shi ne yashi matsakaici, gudun wajen santimita 20 a daƙiƙa ya ishe shi. Yumɓun da ya kwanta ya kama jikinsa kuwa sai gudun ya kai mita 1 a daƙiƙa ko fiye. Ƙwayoyin yumɓu falle-falle ne, suna manne da juna, fuskarsu kuma sumul take, ruwa ba ya samun abin kamawa. Amma in ya tashi ba ya son sauka, sai inda ruwa ya tsaya cik. Shi ya sa yashi ke cikin kogi, laka kuma a fadama.

Tambaya: Ni birkila ne. Wani lokaci tifar yashi takan zo da kyau a ido, amma filasta ta tsattsage, bulo ya riƙa zuba. Yaya zan gane yashi mai laka kafin a sauke? Daga wani magini a Birnin Kebbi.

Amsa: Malam, gwajin kwalba zai raba gardama. Samo kwalba mai miƙaƙƙen jiki wadda ake ganin cikinta. Ɗebo yashin daga wuri uku ko huɗu a cikin tifar, hannu ya nutse, kada ka tsaya a saman da iska ta share. Zuba shi ya kai rabin kwalbar, ƙara ruwa ya haura shi sosai, sa gishiri wajen ƙaramin cokali biyu a kowace lita, domin gishiri yana sa laka ta kwanta da wuri. Girgiza minti ɗaya, ajiye a inuwa sa'a 3. Yashi zai zauna a ƙasa, laka ta yi layi a kansa. Auna da rula. In yashin santimita 10 ne lakar ta kai 1, kashi 10 cikin 100 ke nan, ya yi yawa. Abin da aka saba bi a wurin gini shi ne kada ta wuce kashi 6 zuwa 8. In ana sauri, damƙi jiƙaƙƙen yashin ka murza a tafin hannu: mai kyau yana zubewa ya bar hannu kusan fes, mai laka yana barin shafe kamar kunu.

Dalilin ɓarnar a girman ƙwaya yake. Siminti aikinsa ya lulluɓe kowace ƙwaya ya haɗa ta da maƙwabciyarta. Duk lokacin da ƙwaya ta ragu da rabi, fuskar da za a lulluɓe a buhu ɗaya na yashi ta ninka. Laka tana shanye simintin, tana sa kwaɓin ya nemi ƙarin ruwa, ruwan in ya bushe ya bar tsaga. Yumɓu kuma yana yi wa ƙwayar yashi riga, siminti ya kama rigar maimakon ƙwayar.

Rairayi mai laushi ƙwarai, ko da ba laka, ba na kankare ba ne saboda wannan dalilin. Kankare da bulo yashin kogi mai kaushi suke so, wanda ya haɗa manya da matsakaita, ƙanana su cike gurbin manya. Filasta ce ke son mai ɗan laushi. Ka kuma kula da awo da damina: yashi mai danshi yana kumbura, kwanon sarki ɗaya yana iya gaza na busasshe da kashi ɗaya cikin huɗu, kuma mai laushi ya fi kumbura.

Tambaya: An haƙa mana rijiyar burtsatse, an ce an samu ruwa, amma yau wata uku yashi take fitarwa, famfo ya lalace. Maƙwabcinmu kuma an haƙa tasa an tarar da laka jiƙe sharkaf amma ba ruwa. Me ke faruwa? Daga wata uwargida a Damaturu.

Amsa: Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Matsalolin biyu duk a girman ƙwaya suke.

Ta maƙwabcinku tukuna. Riƙe ruwa daban, sakin ruwa daban. Yumɓu yana iya zama kusan rabinsa ruwa ne, ya fi yashi ma, amma hanyoyin da ke tsakanin ƙwayoyinsa sun yi ƙanƙantar da ruwan ke manne da su ba ya motsi. Saurin wucewar ruwa yana tafiya ne da ninkin girman ƙwaya a kan kansa: yashin da ƙwayarsa ta ninka ta wani sau biyu yana ba da hanya wajen sau huɗu. Kuma ƙananan ƙwayoyin ne ke da ta cewa, domin su ke toshe gurbin manya. Tsakuwa mai cike da laka ba ta kai yashi matsakaici mai tsabta ba. Shimfiɗar tafkin Chadi da ke ƙarƙashin yawancin Borno da Yobe hawa-hawa ce ta yashi da yumɓu, kuma an san ta da matakan ruwa uku, na sama, na tsakiya da na ƙasa. Yumɓun da ke rufe da na tsakiya shi ke matse ruwan, har a wasu wurare in an huda yakan hau da kansa. Haka yashin Gwandu yake a Kebbi da Sakkwato. Don haka laka ba alamar a daina ba ce kullum. Sau da yawa murfi ce, yashin yana ƙasa da ita.

Taku kuwa, alamu sun nuna an samu yashin amma ba a daidaita matata da shi ba. Ga yadda ya kamata aikin ya tafi. Lokacin haƙa, a riƙa tarar abin da ke fitowa kowace mita 1 zuwa 3, a ɗauraye shi kaɗan, a jera a ƙasa bi da bi da zurfin kowanne a rubuce. Abin da ya fito yana makara kafin ya iso sama, kuma ruwan haƙa yana tafiya da mafi laushinsa, don haka yashin da ke ƙasa yakan fi wanda aka gani laushi. A tankaɗe samfurin wurin da ruwan yake. Da shi ake zaɓen tsakuwar da za a zuba tsakanin bututu da bangon rami: ƙwayarta ta ninka ta ɓangaren yashin mai laushi sau 4 zuwa 6, ta zama mulmulalliya, wankakkiya, kai ɗaya. Sannan a zaɓi bututu mai tsaga wadda za ta tare wajen kashi 90 cikin 100 na wannan tsakuwar. In yashin mai laushi ne, tsakuwar da ta dace ba ta wuce milimita 1 zuwa 2, tsagar kuma ƙasa da milimita 1.

Inda ake ɓata aiki shi ne a yanka bututu da zarto, tsaga ta kai milimita 2 ko 3, a kuma zuba fasasshen dutsen kankare a matsayin tsakuwa. Gurbin da ke tsakanin irin wannan dutse ƙofa ce a buɗe ga yashi mai laushi. Wani lokaci kuma a juye tsakuwar gaba ɗaya ta maƙale a sama, ƙasa ya zauna fayau. A hankali ake zuba ta tare da ruwa, ana auna inda ta kai. Bayan haka a wanke rijiyar da iskar kwamfuresa har ruwa ya fito garau, ko da zai ci yini.

Kafin ku sake kashe kuɗi, a tari ruwan a farin bokiti mai lita 20, a bar shi ya kwanta, a kai abin da ya taru wurin masanin ruwan ƙasa tare da takardar haƙar. In yashi ne mai laushi kawai, a fara da ɗaga famfon ya bar saitin matata, a rage ƙarfin jansa, a sake wanke rijiyar. In da tsakuwar da aka zuba a ciki, bututun ya fashe ko mahaɗinsa ya rabu, sai dai a zura wani ƙarami mai tsagar da ta dace a cikinsa in faɗin ramin ya ba da dama.